Minti Goma A Tsakar Gida: Yadda Lissafi Ke Zama A Kan Yaro

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan tagar wata firamare da hantsi ya san muryar nan. Yara sun haɗa baki suna rera jadawalin sau, daga biyu sau ɗaya har biyu sau goma sha biyu, malami na buga tebur yana ba su kiɗa. Iyaye kan ji su ce madalla, karatu na tafiya. Mu da muka daɗe riƙe da alli a aji biyu da aji uku mun san abin da ke bayan waƙar. Tsayar da ita, ka nuna yaro guda, ka ce masa, "Bakwai sau takwas nawa ne?" Zai ɗaga kai sama, leɓɓansa na motsi. Farkon waƙa ya koma, bakwai sau ɗaya, yana gangarowa a hankali. In ya yi tuntuɓe a bakwai sau biyar, sai ya sake ɗaukowa daga fari. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Waƙa aka ba shi, ya kuma riƙe ta. Abin da bai samu ba shi ne wanda zai tambaye shi, shi kaɗai, daga tsakiya, yau da gobe da jibi, har amsar ta zauna. Wannan dama kuwa gida ne ke da ita.

Ƙananan amsoshi nake nufi, irin waɗanda babba ke bayarwa ba tare da ya tsaya tunani ba: 3 da 4 sun zama 7, a cire 6 daga 13 saura 7, 6 sau 7 ya ba da 42, a raba 42 wa mutum 6 kowa ya tashi da 7. Ana raina su saboda ƙanƙantarsu, alhali duk wani lissafi na gaba a kansu yake tsaye. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da tabbatar da cewa abubuwan da mutum ke iya riƙewa a ransa lokaci guda yana juya su kaɗan ne ƙwarai. Ɗauki ɗan aji biyar da aka ce ya raba 456 gida 8. Dole ya tuna matakin da yake, ya tuna abin da ya rage, ya tuna lambar da zai sauko da ita. In kuma sai ya koma zana ƙananan sanduna a gefen takarda don ya gano 8 sau 5, kafin ya gama ƙirga su ya manta inda ya tsaya. Malami ya duba ya ce bai iya rabawa ba, alhali matakan rabawa ya gane su sarai, 8 sau 5 ne ya kayar da shi. Haka zai shiga ƙaramar sakandare da wannan giɓi, ya haɗu da aljabara, ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ba shi da kan lissafi. Daga nan ƙofar likitanci da injiniyanci da akanta ta soma rufuwa, tun bai ma san da ita ba. Ko a ajiye maganar jami'a gefe: mai fitar da zakka ɗaya cikin arba'in, da mai rabon gado da zai fitar da sumuni da sudusi da sulusi, da tela mai yankan yadi, kowa da waɗannan ƙananan amsoshi yake aiki.

Kada a ga kamar ina sauke wa iyaye kayan malamai. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro a Najeriya haƙƙin karatun shekara tara kyauta, kuma alheri ce babba, sai dai azuzuwa da malamai ba su ƙaru daidai da yawan yaran ba. Na tsaya gaban ajin da rabin yaran ke zaune a ƙasa, wasu a bakin taga. A darasin da bai wuce rabin awa da 'yan mintuna ba, ko sunan kowa ka tsaya kira lokaci ya tafi. Malami zai iya bayani, zai iya rubutu a allo, zai iya sa a rera. Ba zai iya zama da kowane yaro ya ji yadda yake tunani ba. Uwa tana iyawa, tana ma cikin gyaran wake.

"To Malama, ni da ban yi boko ba fa?" Haka iyaye mata ke ce mini. Sai in tambaye su wa ke riƙe musu lissafin adashi, wa ke fitar musu da ribar ƙosai bayan an cire kuɗin wake da mai da itace. Matar da ke riƙe zubin mutum goma sha biyu a ka, ta san wadda ta kwasa da wadda ta rage, ba za ta kasa koya wa ɗan shekara shida abin da za a ƙara wa bakwai ya cika goma ba.

A 1985 wasu masu bincike uku, Terezinha Nunes da David Carraher da Analúcia Schliemann, suka wallafa abin da suka gani a birnin Recife na ƙasar Birazil. Sun je wurin yara masu sayar da kaya a bakin titi kamar masu saye. Wani yaro mai sayar da kwakwa a kan 35 kowace ɗaya, da aka ce ya ba da goma, sai ya ɗauki kuɗin uku, wato 105, ya ƙara na uku, ya sake ƙara na uku, ya ɗora na ɗaya, ya kai 350 cif. Kusan duk tambayar da aka yi wa yaran a wurin ciniki sun amsa ta daidai. Da aka ba su lambobin nan dai a takarda, a jere irin na aji, sai suka faɗi fiye da rabi. Shekara arba'in bayan haka, a 2025, wani bincike da Abhijit Banerjee da Esther Duflo ke cikin waɗanda suka gudanar ya sami irin wannan a kasuwannin Kolkata da Delhi na Indiya, ya kuma nuna ɗaya gefen: 'yan makarantar da ba sa ciniki sun fi iya lissafin takarda, amma in aka kawo musu shi a siffar saye da sayarwa sai su rikice.

Ba sai mun je Birazil ba. Na ga yarinya mai tallar awara, guda naira 50, an sayi bakwai an miƙa mata 500, ta zaro 150 ta bayar kafin mai saye ya gama ɗaure bakin leda. A aji na rubuta mata 500 a sama, 350 a ƙasa, na ce ta ɗebe. Ta rubuta 250. A kowane layi ƙaramar lamba ta cire daga babba, ba ruwanta da wadda ke sama da wadda ke ƙasa. Na ce mata, "In da awara ce, canjin 250 za ki ba shi?" Ta zaro ido ta ce, "Haba Malama, ai asarar ɗari ke nan!" Amsa na wurinta tun farko. Ba ta taɓa zaton lissafin faranti da na littafi abu guda ne ba. Ba yabon talla nake ba, da so samu ne yarinyar nan ta girma ba ta san nauyin faranti ba. Haka abin yake a Maraɗi da Damagaram, inda ake ƙirga kuɗi da dala, kowace dala sefa 5. Yaron da aka aika da dala ashirin ya san 100 ce rubuce a jikin kuɗin. Kullum yana ninka biyar, bai san jadawalin biyar yake yi ba. Aikin gida ke nan: a haɗa wa yaro abin da hannunsa ya taɓa, da abin da bakinsa ya faɗa, da abin da zai gani a takarda.

Da hannu ake farawa. Ɗan shekara huɗu ko biyar da ke jero ɗaya zuwa ashirin da baki bai zama ya iya ƙirga ba tukuna. Zuba masa ƙwallon dabino bakwai a tabarma ka ce ya ƙirga. Wani zai taɓa guda sau biyu, wani bakinsa zai riga yatsansa gudu. Wani zai ƙirga daidai, ka ce, "To nawa ne?" ya sake farowa, don bai gane lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce jimilla ba. A sa shi ya riƙa jawo kowane guda gefe yana faɗin lambarsa. Ya ƙirga cokula kafin a zuba abinci, da takalman bakin ƙofa, da kajin da suka shiga akurki da magariba. A dai kula da ƙanen da ke rarrafe, kada ya kai ƙwallon baki. Yatsu kuma kada a hana. Raina na ɓaci in na ga an buge hannun yaro don ya ƙirga da yatsa. Zai ajiye su da kansa ranar da amsa ta riga su zuwa. Abin da ya kamata a nuna masa shi ne hanyar da ta fi gajarta: in an ce 2 da 7, kada ya soma daga ɗaya, ya riƙe bakwai a ka, ya ɗora takwas, tara.

Da za a ce in zaɓi abu guda kacal da uwa za ta koya wa ɗanta kafin ya gama aji ɗaya, lambobin da ke haɗuwa su cika goma zan zaɓa: 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, 5 da 5. Wasan da nake ba iyaye ba ya cin ko kwabo. Marafan lemo goma da kofi guda. Yaro ya ƙirga ya tabbatar goma ne, ya rufe ido, uwa ta kife kofi a kan wasu.

"Buɗe idonka. Nawa ka gani?"

"Shida."

"To nawa ke cikin kofi?"

Ranar farko zai yi shiru, ya kalli yatsunsa, ya ce uku. Kada a ce masa a'a. A ce, "Ɗaga ka gani." Ya ɗaga kofi, ya ƙirga huɗu, ya yi dariya, ya ce a sake. Tun da kofi ne ya gyara masa, babu kunyar da zai ji. Bayan 'yan zagaye sai ka ji ya ce, "Umma, yanzu ke rufe naki idon." A yarda masa, nan ne ma amfanin ya fi yawa, domin wanda ya ɓoye dole ya san amsa kafin ya tambaya. Uwa ta riƙa kuskurewa da gangan jefi-jefi, ta ga ko zai kama ta. Ranar da ya kama ta, ya yi tsalle yana cewa huɗu ne ba biyar ba, ranar 6 da 4 sun zauna.

Dalilin da ya sa nake nacewa kan goma shi ne, ita ce gadar da ake bi a tsallaka sauran. Ɗauki 8 da 5, wadda ke ba yara wuya. Takwas na neman biyu ta cika goma. A karɓo biyun daga biyar, saura uku. Goma da uku, sha uku. Tara kuwa goma ce ba ɗaya, don haka 9 da 6 kamar goma da shida ne a rage ɗaya, sha biyar. Sai tagwaye, 6 da 6, 7 da 7, 8 da 8, waɗanda yara ke saurin kamawa. Wanda ya san 6 da 6 sha biyu ne ya riga ya san 6 da 7, ɗaya kawai zai ɗora. Ɗebewa kuma kada a jira sai an gama tarawa, tare suke tafiya. Duk ranar da aka yi 8 da 5, a tambaya nan take: "Sha uku gare ka, ka ba ƙanwarka biyar, saura nawa? In takwas ka ba ta fa?" Lambobi uku ne, amsoshi huɗu suka fito daga cikinsu.

In lambobi suka haura ashirin, a nemo tsinken tsintsiya da zare. Duk tsinke goma a ɗaure su ɗauri guda. 32 ta zama ɗauri uku da tsinke biyu. Ce masa ya cire bakwai. Zai duba ya ga biyu ne a kwance, ba su isa ba, da kansa zai kai hannu ya kwance ɗauri guda. Wannan kwancewar ita ce abin da ake ce masa "aro" a aji, wanda yara da yawa ke yi shekara da shekaru ba su san me suka ara ba. Dabarar ɗauri da tsinke na cikin kayan aikin tsarin koyarwar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da shi, inda ake rarraba yara gwargwadon abin da suka iya, ba gwargwadon ajin da suke ba. An gwada tsarin a Borno, an kuma soma shi a Kano a 2019 a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, da 'yan aji huɗu zuwa shida. Ku lura da azuzuwan. Manyan yara ne aka mayar ga tsinke, domin a nan giɓin yake. Don haka in ɗanka na aji biyar bai san 7 da 3 goma ba ne, babu abin kunya a koma can a faro.

Sau kuma, kafin a haddace shi a gan shi da ido. Kiret ɗin ƙwai shi ne malamin da na fi so. Layi biyar ne, kowane layi ƙwai shida, talatin. Juya kiret ɗin gefe, ya koma layi shida biyar-biyar, ƙwai bai ƙaru ba bai ragu ba. Yaron da ya juya shi da hannunsa ya gane 5 sau 6 da 6 sau 5 abu guda ne, ba sai an gaya masa ba. Gida cike yake da irin wannan. Kiret ɗin lemo kwalba 24 ne, huɗu sau shida. Turmin atamfa yadi shida, to turmi uku na anko yadi nawa? Adaidaita sahu ƙafa uku, guda biyar a bakin tasha ƙafa nawa? Akuya ƙafa huɗu, mako kwana bakwai, jakar ruwan leda guda 20. Carbi ma talatin da uku sau uku ne.

Jadawalin da ke bangon bayan littafin rubutu yana tsorata yara saboda yawansa, kuma bin sa a jere daga biyu zuwa sha biyu ba ita ce hanya mafi sauƙi ba. A fara da na 2, tagwayen da ya riga ya sani ne. Sai na 10, sai na 5, wanda ya saba da shi a kuɗi. Na 4 ninka na 2 ne, na 8 ninka na 4. Na 9 a bi ta goma: 9 sau 7 saba'in ne a cire bakwai, 63, kuma in aka tara 6 da 3 za a ga tara, alamar da yaro zai riƙa duba amsarsa da ita. Ku zauna da shi ku yi wannan ƙidaya, tana kwantar da hankali: daga 1 sau 1 zuwa 10 sau 10 amsoshi 100 ne. Da an gane juyawa ba ta canza amsa sun koma 55. A cire na 1 da 2 da 5 da 10, saura 21. A cire na 9, saura 15. Waɗannan sha biyar ɗin su ne ainihin aikin, kuma ko a cikinsu masu taurin kai kaɗan ne, irin 6 sau 7, 6 sau 8, 7 sau 8. Su ma kowace da hanyar komawa gida in ta ɓace. 6 sau 7 biyar sau bakwai ne, 35, a ɗora bakwai, 42. 7 sau 8 kuwa 28 ne sau biyu, 56. Na 11 da 12 su jira.

Bayan an gane sai hadda, kuma ban ga dalilin jin kunyar kalmar ba. Mu mutanen allo ne, mun san hadda fiye da kowa. Mun san ba a wanke allo sai an biya, mun san wanda ya bar tilawa karatunsa zubewa yake, mun kuma san a musabaƙa ba daga farkon sura ake tambayar ɗalibi ba, daga ko'ina alƙalai ke ja masa baƙi. Wannan tsarin shi lissafi ke so. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya auna mantuwa ya wallafa sakamakon a 1885. Ya gano yawancin abin da aka haddace tun da wuri yake zubewa in ba a waiwaye shi ba, kuma maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara a zama guda zama a ka. Saboda haka minti goma kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. Lokacin kuwa akwai shi: bayan la'asar, a hanyar Islamiyya, ana jiran tuwo ya sulala.

A samu kwalin taliya ko na sukari a yanka ƙanana. A rubuta tambaya a gaba, amsa a baya. In uwa ba ta rubutu, yaya ya rubuta, lambobi dai tana karanta su a waya da jikin kuɗi. A cakuɗa su kada su zo a jere. Wanda yaro ya amsa nan take a ajiye dama, wanda sai da ya yi dabara a ajiye tsakiya, wanda ya gagara a ajiye hagu. Gobe a ɗauko biyu ko uku kacal daga na hagu, a gauraya cikin na dama masu yawa, don ya fi cin nasara fiye da faɗuwa. Na dama ma a riƙa waiwayarsu duk bayan 'yan kwanaki. In an nuna masa kati a yi shiru a jira. Wannan shi ya fi yi wa iyaye wuya. Da sun ga yaro na kokawa sai tausayi ya sa su faɗa masa amsa, alhali wannan kokawar ta lalubo amsa daga cikin kai ita ce ke dasa ta.

Yanzu maganar bulala. Ba ta da gurbi a nan, ko kaɗan. Yaron da ke kallon dorina rabin hankalinsa na kanta, da ragowar rabin zai yi lissafi. Na sha ganin wanda ya ba ni amsa daidai muna hira a inuwa, ya kasa faɗinta an tsayar da shi gaban allo ana daka masa tsawa. In za a wakilta yaya ya riƙa yi wa ƙanensa bita, a gindaya masa sharaɗi: ba duka, ba "daƙiƙi", ba dariya. Akwai kuma dukan da baki ke yi ba a sani ba. "Ni ma lissafi bai taɓa shiga kaina ba." "Mu gidanmu ba mu gaji lissafi ba." 'Ya'ya mata aka fi faɗa wa wannan, su kuma sai su ɗauka an yafe musu. Wani bincike da Sian Beilock da abokan aikinta na Jami'ar Shikago suka wallafa a 2015, kan 'yan aji ɗaya da aji biyu a Amurka, ya nuna iyayen da ke tsoron lissafi, in suna yawan taya 'ya'yansu jinga, yaran kan ƙare shekara da ƙarancin ci gaba da ƙarin tsoro. Ni abin da na ɗauka daga nan ba wai irin waɗannan iyaye su janye hannu ba ne. Su dai bar tsoronsu a waje, su zo wa yaro da kofi da marafai, abin da su ma ba ya tayar musu da hankali.

In yaro ya ce 6 sau 7 arba'in da takwas ne, a tambaye shi, "Yaya ka yi ka samu?" Sau da yawa za a tarar maƙwabciyar amsa ya ɗauko, ta 6 sau 8, kuma shi zai gano da bakinsa. Sauri kuwa daga baya yake zuwa. Tun 2022 makarantun gwamnati a Ingila ke gwada 'yan shekara takwas zuwa tara da tambayoyi 25 na jadawalin sau, daƙiƙa 6 kowace tambaya. Wannan awo ne na ƙarshen tafiya. Wanda ya sa wa ɗan aji ɗaya agogo tsoro kawai ya koya masa.

Wasa ma aiki ne. Juya allon ludo, a bayansa yawanci akwai wasan maciji da tsani, gidaje 100 a jere. A 2008 Robert Siegler da Geetha Ramani suka nuna cewa 'ya'yan talakawa 'yan shekara huɗu zuwa biyar a Amurka, da suka yi wasa kusan na awa guda jimilla a allo mai lambobi 1 zuwa 10 a layi, sun fi gane wace lamba ta fi wata girma a kan waɗanda suka yi wasa a allo mai launuka kawai, kuma ribar ba ta gushe ba bayan makonni. Sai dai a sa yaro ya riƙa faɗin lambar gidan da yake takawa. In yana kan 17 ya ci uku, ya ce sha takwas, sha tara, ashirin, maimakon ɗaya, biyu, uku. Ga waɗanda suka ɗan tasa kuwa, akwai gadon da ya kamata su sani. Muhammad ɗan Muhammad al-Katsinawi, malami Bafulatani daga Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan jera lambobi cikin gidajen murabba'i ta yadda kowane layi zai ba da jimilla guda, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Zana gida tara a ƙasa, uku-uku. Ce wa yaro ya zuba 1 zuwa 9, kowace sau ɗaya, yadda kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, zai ba da 15. In ya gaji, a ba shi satar amsa guda: 5 ce a tsakiya. Kafin ya gama ya yi tarawa fiye da ta shafi biyu na jinga, ya kuma ji cewa wani daga ƙasarsa ya yi suna a wannan fanni.

A yi bitar da harshen da yaro ke tunani da shi, sannan a maimaita da na makaranta, Turanci ne ko Faransanci, don kada jarrabawa ta zo masa baƙuwa. A Turanci sunan 13 da na 30 sun yi kama a kunne, haka 14 da 40, kuma yara kan rubuta 31 a maimakon 13 saboda ukun suka fara ji. Da Hausa goma ke gaba, sai a sa shi ya faɗa da Hausa kafin ya rubuta. Manhajojin waya masu tambayar lissafi ba laifi ga mai hali, amma waya ba ta tambayar yaro yadda ya yi ya samu amsa. Lesin ma haka, in malamin lesin waƙar nan dai zai sake sa a rera, kuɗin ya tafi a banza.

Wani yaron za a yi ta yi da shi wata da watanni, abin da ya kama yau gobe babu. Kafin a ce ƙiuya ce, a duba ko yana ganin allo da kyau, ko yana ji sosai, ko da yunwa yake zuwa makaranta. Akwai kuma yara 'yan kaɗan da lambobi ke yi wa wuya ta musamman ko da sun iya karatu da magana sarai. Su ne suka fi kowa buƙatar a daɗe da su a kan marafai da tsinke, a rage musu yawa, a ƙara musu haƙuri.

Kirana ga iyaye maza musamman, domin su na fi rashin gani a bakin aji. Aikin nan ba na uwa kaɗai ba ne, kuma yaro na jin daɗin ranar da Baba ya zauna a tabarma ya ce a kawo kofin. Ku je makaranta cikin makon nan, ku gaisa da malamin ajin, ku tambaye shi amsoshi biyar da ɗanku ko 'yarku ke yawan tuntuɓe a kansu. Ku rubuta su a kwali, da su za ku fara.